Gahawata baƙa take fitowa da ɗaci, inji zan saya ko me zan gyara?

Maman Hafsa, Masfala, Makka

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ke nan. Wata damuwa ce ta kawo ni, wani zai ga ƙarama ce, amma ni ta hana ni sukuni.

Shekarata uku ke nan da aka kawo ni Makka daga Kano. A gidanmu a Fagge shayi muka sani, sai ko Nescafé na gwangwani da Babanmu kan kaɗa in yana da tafiyar dare. Maigida kuwa haifaffen nan ne, shi da mahaifinsa. Kakansa ne ya taho da ƙafa ta Sudan, tun zamanin da ake shekaru a hanya kafin a iso. To gida ne na gahawa. Kullum bayan Magariba sai an shimfiɗa a falo, a kawo dabino sukkari da finjalai, 'yan uwa su taru.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ita ke haɗawa da hannunta, ba ta taɓa yarda wani ya taɓa mata dalla, butar gahawar Larabawa, ba. Tun bayan Babbar Sallah ciwon gwiwa ya matsa mata, tsayuwa a kicin ta gagara, aikin ya dawo kaina. Lokacin da take yi, kunya ta hana ni tsayawa kusa da ita in koya. Kun san tsakanin mutum da surukarsa.

Ga yadda nake yi, don ku ga inda nake kuskure. Niƙaƙƙiyar gahawa nake saya a baƙala, ɗan kantin bakin layinmu, leda mai kilo guda, wadda aka riga aka gauraya da hel, wato kadamon, koren kayan ƙamshin nan. Ledar takan yi mana kusan wata guda. Ina ajiye ta a durowar da ke saman gas, don ta fi kusa da hannu. In na tashi sai in cika butar ƙarfe da ruwan famfo, in zuba gari cokali biyar manya tun ruwan yana da sanyi, in ƙure wuta, in bar ta tana tafasa kamar rabin awa ina wanke-wanke. Sau da yawa takan yi bori ta zube. Daga nan in juye a filas tun La'asar, don kada Magariba ta riske ni ban gama ba.

Abin da ke fitowa ruwan ƙasa ne mai duhu, a gurɓace, da ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, ƙamshi kuwa babu ko kaɗan. Ta Hajiya garai-garai take, ruwan zuma, tun daga matakala kake jin hel yana tashi. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Amma na lura, da tata finjali uku take sha, tawa kuwa ɗaya za ta kurɓa ta girgiza finjalin, ta ce Allah ya yi miki albarka. Wallahi wannan shirun ya fi mini ciwo a kan faɗa.

Ga azumi ya ƙarato. 'Yan uwan maigida na Jidda da Madina za su zo, ga masu Umra daga gida da kan sauka wurinmu, kuma kun san a nan da dabino da gahawa ake buɗa baki. Na tara riyal 400 daga ƙunshin da nake yi wa mata. A wani shago a Aziziyya na ga dalla mai aiki da lantarki, na kuma ga irin injin nan da ke shagunan shan kofi, mai tsiyayowa a ɗan ƙaramin kofi. Wanne zan saya a ciki? Ko kuwa gahawar ce ba ta da kyau? In ita ce, wace iri zan nema, kuma ta yaya zan gane mai kyau, ni da ban taɓa riƙe ɗanyar ƙwayarta a hannu ba? Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini.

Baba Mai Mahmasa, Jidda

Wa alaikumus salam 'yata. Matambayi ba ya ɓata. Shekarata 26 ina tsaye gaban injin suyar bun, wato ƙwayar gahawa, a wajen Bab Makka, don haka ki saurara, kuma ki mayar da kuɗinki jaka tukuna.

Tun kafin ki kunna wuta gahawarki ta riga ta mutu. Ƙamshin da kike nema yana ɓoye ne a cikin ƙwayar, ranar da aka niƙa ta iska take fara kwashe shi. Ɗanyen bun yakan kai shekara a wuri mai sanyi marar laima. Soyayye makonni kaɗan. Niƙaƙƙe kuwa kwanaki ne. Ke kin ajiye niƙaƙƙe kusan wata guda, a saman gas, yana shan zafi da tururin miya. Kuma wa ya san watannin da ya yi a baƙala kafin ki saya? Bayan haka, abin da aka niƙa ba a ganin cikinsa. Akwai wani nau'i da ake kira robusta, ya fi araha, ya fi ɗaci, kuma abin hana barcin da ke cikinsa ya kusa ninka na arabika, nau'in da ake yin gahawar dalla da shi. In an cuɗa shi a gari, ko ni sai na ɗanɗana zan gane.

Ki ce maigida ya kai ki mahmasa, wato shagon suyar bun, suna nan a kasuwar Utaibiyya. Za ki tarar da buhuna a jere, ga sunayensu. Harari daga Harar yake, a gabashin Habasha. Da ɓawonsa ake shanya shi a rana, shi ya sa yake da wani ɗanɗano mai zurfi, kuma shi yawancin gidaje ke sha a ƙasar nan. Luƙmati ma na Habasha ne, daga yamma, wajen Nakamte. Ya fi sauƙin kuɗi, yana da ɗan tsami-tsami. Na Barazil ba shi da faɗa, ba shi kuma da ƙamshi sosai, mu gauraye muke yi da shi. Sai Khaulani, ɗan gida, wanda ake nomawa a duwatsun Jazan, su Da'ir Bani Malik da Faifa, a gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse. A 2022 hukumar UNESCO ta sa sanin nomansa cikin kayan gadon duniya. Yana da daɗi ƙwarai, amma abin da ake girba kaɗan ne, saboda haka ba kowane buhun da aka rubuta wa Khaulani ne Khaulani ba. Ki bar shi sai hannunki ya faɗa. Harari za ki saya, kwatan kilo, kada ki wuce haka. In ya ƙare a koma.

Ki ɗebi ɗanyen a tafin hannu ki sansana. Mai kyau ƙamshin busasshiyar ciyawa yake yi. In kin ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, laima ta taɓa shi, ki ajiye. Ki baza shi ki duba: baƙaƙen ƙwayoyi, fasassu, waɗanda ƙwaro ya huda, tsakuwa. In sun yi yawa ki wuce gaba. Ki kuma duba girman ya zo ɗaya. Kin san suyar gyaɗa, in kin haɗa manya da ƙanana, ƙananan sun ƙone kafin manyan su soyu. To haka bun yake.

Suya kuma kowane yanki da tasa. Mutanen arewa, wajen Ha'il da Jauf, suna son ta yi duhu. Na kudu fara-fara suke so, su zuba citta da kirfa. A Hijaz tsaka-tsaki muke yi, wasu gidajen har mastaka, wani ƙaron ƙamshi, suke turara finjalai da ita. Tunda kin ce ta Hajiya ruwan zuma ce, ki ce a ba ki tsakanin ashƙar da wasaɗ, wato tsakanin fara-fara da matsakaiciyar suya. Bun in yana soyuwa akwai lokacin da yake fara fashewa kamar gugguru. Na dalla, dab da wannan ƙarar muke sauke shi. Niƙa kuma ki ce a ɓarza, ya fito kamar tsakin masara. Lilis ɗin nan na gahawar Turkawa ne, shi ke gurɓata miki ruwa.

Hel daban za ki saya, kada ki ƙara yarda a gauraya miki. Ki zaɓi kore shar, cikakke, wanda bakinsa bai buɗe ba. Wanda za ki ji ana ce wa Amriki daga Gwatamala yake zuwa, akwai kuma Hindi. Ki daka abin da za ki yi amfani da shi a lokacin kawai. Hel ba ya son tafasa. Rabin awar nan da kike yi, ƙamshinsa ya bi tururi, ɗacinsa ya zauna miki.

Ga dahuwar. Ruwa lita ɗaya, ya tafasa shi kaɗai. Ki sauke, ki zuba gari cokali uku manya a cike, ki mayar kan ƙaramar wuta, irin wadda ruwan zai riƙa motsi ba tare da ya yi bori ba. Minti 10 zuwa 15, kina tsaye a kai, wanke-wanke ya jira. In kumfa ta taso ki ɗaga butar ta koma. Ki kashe, ki ba ta minti uku garin ya kwanta. Kafin nan kin ɗauraye filas da ruwan zafi, kin zuba masa dakakken hel babban cokali ɗaya, da za'afaran sili huɗu ko biyar in akwai. Ki tsiyaye gahawar a kai ta mataci, gindin ki bar shi a buta. Ki rufe minti 10. Kuma ki daina yi tun La'asar. In ta wuce awa biyu a filas duhu take yi, ɗanɗanon ya juya. Ki ɗora in Magariba ta kusa, kafin a idar da salla ta haɗu.

Kada ki ga abin ya yi miki yawa. Garin da kike zaune ya daɗe da gahawa. A 1511 wani mai mulki a Makka, Khair Beg, ya taɓa hana shanta, bai yi nasara ba. Ƙasar da ta yi shekara 500 tana sha, bakin mutanenta ba ya ruɗuwa, shi ya sa Hajiya take ganewa tun a kurɓin farko. Allah ya ba ki ladan hidimar da kike mata.

Innar Kassala, Jidda

Sannu ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da wannan kula. Duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, ba ni da abin ƙarawa a kan dalla, don ni ma a nan na koye ta da girmana. Kalma ɗaya ce a maganarki ta tsayar da ni, inda kika ce mutanen gidanku ta Sudan suka biyo.

Ni a Kassala aka haife ni, iyayena daga Maiurno suka koma can. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Yaƙin da ya tashi a 2023 ne ya sa ɗana ya dawo da ni wurinsa a Jidda. Mu gahawarmu daban ce da ta nan. Jabana muke ce mata, da sunan 'yar tukunyar yumɓun da ake zuba ta, mai dogon wuya da kumburarren ciki.

Ba ma sayen soyayye. Ɗanyen bun na Habasha za ki ɗebo tafi guda, ki tsince, ki zuba a ɗan kaskon ƙarfe mai dogon hannu, ki ɗora kan gawayi a kanun, ɗan murhun gawayi, kina girgizawa ba tsayawa. Ba a saukewa da wuri kamar na dalla. Sai ya yi baƙi yana ƙyalli, mai ya fito a jikinsa. Sannan ki ɗauki kaskon yana hayaƙi ki zaga da shi gaban kowa, kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Daga nan sai funduk, ya'ani ɗan turmin icce, a daka da taɓaryar ƙarfe. Maƙwabta in sun ji wannan dakan sun san an gayyace su. A tafasa a sharagrag, wani gwangwani ne mai baki, tare da busasshiyar citta. A juye a jabana, a toshe bakinta da lif, zaren jikin dabino, shi ne matacinmu. A ɗora ta kan 'yar gammon da aka yi wa ado da duwatsu don kada ta kife. Sukari a finjali ake fara zubawa, ga turaren wuta yana tashi a gefe. Zubin farko bikri sunansa, shi ake ba babba da baƙo, sannan a ƙara ruwa a maimaita.

In kin je Kassala, a gindin dutsen Totil, sama da unguwar Khatmiyya, haka za ki ga mutane zaune da yamma kowa da jabanarsa yana kallon gari. Ina rubuta miki wannan ƙamshin yana hancina.

Abin da nake so in ce, ɗiyata, ki tambayi Hajiya. Ki gyara ta dalla yadda Malam ya koya miki, wannan ta baƙi ce da 'yan gida. Amma mace in ta tsufa, ciwo ya zaunar da ita, bakinta abin ƙuruciya yake nema. In uwarta ko kakarta sun zauna a Gadarif ko Madani ko Kassala kafin su ƙetaro, to akwai wata gahawar a zuciyarta da ba ta gaya wa kowa ba. Kunya ado ce, amma ba ta hana ki zauna kusa da ƙafarta ki ce Hajiya a koya mini. Mu tsofaffi muna son a tambaye mu.

Abdul na Riyad

Anti barka da ƙoƙari. Baba da Inna, a gafarce ni in sa baki a maganar inji, don shi nake taɓawa kullum. Shekarata huɗu ina haɗa kofi a wani shago a Ulayya.

Injin da kika gani mai tsiyayowa a ƙaramin kofi na espresso ne. Ruwan zafi yake turawa da ƙarfi ta cikin gari mai laushi sosai, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ya gama. Abin da yake fitarwa kofi ne na Italiya, mai kauri. Ba zai taɓa ba ki gahawar dalla ba, don ita dafa ta ake yi. Mu kanmu a shago, tun 2022 da aka sanya wa shekarar suna shekarar gahawar Saudiyya, aka kuma mayar da sunanta haka a takardun abinci, masu nemanta sun ƙaru, amma a gefe muke dafa ta, injin ba ya taɓa ta. Dalla mai lantarki kuwa tana aiki, sai dai buta ce da agogo. Za ta hana bori, ta gaya miki lokacin zuba hel. In kin zuba mata tsohon gari, tsohuwar gahawa za ta ba ki.

In kuɗin nan zai fita, ni abin niƙa zan ce. Iri biyu ne. Akwai mai wuƙa kamar bilenda, shi sara yake yi barkatai, wani ya zama ƙura wani ya tsaya ɓarawo-ɓarawo. Ƙurar ta ba da ɗaci, manyan ba su saki komai ba. Akwai mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwayar a tsakaninsu, ana saita shi, garin ya fito girma ɗaya. Shi ne na kirki, kuma na hannu ma ya isa. Amma ki gaya wa mai shagon na gahawar dalla kike so, don bun ɗin da bai soyu sosai ba tauri gare shi kamar tsakuwa, yana karya ƙananan injuna. Bilendar miya kuma kada ki kusanta da ita, gahawa tana ɗaukar ƙamshin duk abin da ta taɓa, har attaruhu.

Abu biyu zan ƙara a kan na Baba. Na farko ruwa. Ruwan famfon Makka na teku ne da aka tace a Shu'aiba, ya zo ya kwana a tankin gida. In tankin ya daɗe ba a wanke ba, za ki ji shi a finjali. Ki gwada da ruwan galan da kuke sha. Na biyu, ni ban yarda da cokali ba. Cokali yau a cike, gobe a shafe. Ɗan sikelin kicin ba shi da tsada. Ki auna cokali ukun nan na Baba sau ɗaya ki ga giram nawa ne, ki rubuta a jikin kwalba. Ranar da ta yi daɗi kin san abin da kika yi, kina iya maimaitawa. Kwalbar ma ta zama mai murfin da ke kama iska, a wuri mai duhu nesa da gas. Ban da firij, yana sa mata laima da warin abinci.

In wata rana Yaya yana son baƙin kofi irin na shago, akwai mazurarin nan V60 na kamfanin Hario na Japan, da takardar tacewa. Giram 15 na gari, ruwa giram 240 wanda ya tafasa ya ɗan huce, a zuba a hankali cikin minti uku. Amma wannan wata hira ce.

Baba Mai Mahmasa, Jidda

Yaro ya yi gaskiya a kan ruwa, na manta da shi. Sikeli ma ban ƙi ba. Sai dai injin niƙa, ga mai sayen kwatan kilo, ban ga dole ba. Ki ce a ɓarza miki rabi a mahmasa, na kwana huɗu ke nan, rabin ki tafi da shi ƙwaya. Najr, turmin tagullar nan, ya isa ya daka miki shi da hel duka. Da shi iyayen Larabawan nan suka yi tasu kafin lantarki ya zo, kuma 'yar Kano ba sai an koya mata daka ba.

Maman Hafsa, Masfala, Makka

Assalamu alaikum. Baba, Inna, ƙanena Abdul, na dawo da labari, Allah ya saka muku da alheri.

Ranar Asabar maigida ya kai ni Utaibiyya. Na ɗebi Harari a hannuna na sansana kamar yadda Baba ya ce, na ji ƙamshin ciyawar nan, ya tuna mini da harawar da ake tarawa a ƙauyen su Kakata. Buhun farko da aka nuna mana na ga fasassu da yawa, muka matsa shago na gaba. Na sayi kwatan kilo, aka ɓarza rabi. Na sayi hel daban, da najr ɗan madaidaici, da sikeli, da kwalba biyu. Ban taɓa dalla mai lantarki ba, kuma har yanzu akwai sauran kuɗi.

Ranar farko minti 15 na yi, da ruwan famfo don galan ya ƙare. Launin ya fito, har na tsaya ina kallonsa a finjali, amma akwai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Washegari na yi da ruwan galan, na sauke a minti 12. Cokali ukun nan a sikelina giram 30 ne, na rubuta. Da na buɗe filas a falo sai ƙanin maigida ya ɗago kai ya ce yau Hajiya ta shiga kicin ne? Na tsaya na zuba mata, dalla a hagu finjali a dama. Ta sha, ta miƙo. Na ƙara, ta miƙo. Sai a na uku ta girgiza. Ba ta ce komai ba sai addu'ar da ta saba, amma ta ɗan riƙe hannuna da za ta ba ni finjalin. Na koma kicin na yi hawaye.

Inna, maganarki kuwa ashe gani kike yi. Daren Talata ina shafa mata man zaitun a gwiwa, na daure na ce Hajiya, a can da wace irin gahawa Iya take yi muku? Ta yi shiru har na zaci na yi laifi. Can sai ta ce a Gadarif aka haife ta. Tana da shekara tara suka hau jirgin ruwa daga Bur Sudan zuwa Jidda. Ni shekarata uku a gidan nan ban san haka ba, maigida ma ya ce bai taɓa jin ta ba da labarin da tsawo kamar daren ba. Ta ce kullum da hantsi mahaifiyarta sai ta soya bun har ya yi baƙi, ta daka da citta, ita ce mai riƙe mata mafici tana fifita gawayi. Ta dalla a wurin maƙwabta ta koya bayan an yi mata aure. Jabanar da suka taho da ita ta fashe a wata ƙaura, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ƙara sha ba.

To Inna ga ni gare ki. Ina zan sami jabana da lif? Gidanmu bene ne, ba damar gawayi a ciki sai a soro, ko gas zai yi? Citta kamar yaya ga tafi guda na bun? Ina so in yi mata ita da hantsi kafin azumi ya kama, mu biyu kawai.

Innar Kassala, Jidda

Alhamdu lillahi, ɗiyata, kin sa ni kuka ni ma. Jabana ana samu a shagunan 'yan Sudan da 'yan Habasha a nan Jidda, amma kada ki wahala. Ina da biyu, ɗana zai shigo Umra ranar Alhamis, zan ba shi ƙaramar da lif da sharagrag, ki turo mini saƙo ta gefe mu shirya inda maigidanki zai same shi. Sabuwa ce, don haka kafin ki yi wa Hajiya, ki cika ta da ruwa da garin gahawa ki dafa a ƙaramar wuta sau biyu ki zubar, warin yumɓun ya fita.

Gas zai yi in babu yadda za a yi, amma ki hau soro da ɗan gawayi, ki shimfiɗa mata a inuwa in gwiwar za ta bari, in ba haka ba ki soya a can ki sauko da kaskon da sauri. Ɗanyen Hararin nan dai za ki saya. Citta busasshiya, kamar rabin ɗan yatsa ga tafi guda, ki daka ta daban. Kada ki zuba bun a turmi sai kin fara kai mata kaskon yana hayaƙi. Ki ba ta mafici ta riƙe, ita za ta gaya miki ko ya soyu.